Wa Ke Da Iko A Bayan 112?

Jama'a, tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da cibiyar kiran gaggawa ta Abuja a watan Maris na 2020 ake ta yi mana wa'azi: ku haddace 112, kyauta ne. To, mun haddace, har a masallaci mun sanar. Tambayarmu ɗaya ce: idan an ɗaga wayar, wa ke ba da umarni?

Hukumar sadarwa ta NCC ce ta gina cibiyar. Wanda ya amsa kira, aikinsa ya miƙa saƙo ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko Sibil Difens. Ɗan aike ne kawai. Kowace hukuma kuwa da ubangidanta: 'yan sanda na Sufeto Janar, Sibil Difens na Ma'aikatar Cikin Gida. 'Yan kwana-kwana ma iri biyu ne a garin nan, na tarayya da na Ministan Abuja. Ranar da abu ya ɓaci, wa zai ce wa wani tashi, ya tashi?

Ku tuna Nyanya, 14 ga Afrilu 2014, da bam ya tashi a tashar mota da sassafe ya kashe mutum sama da 70, hanyar Keffi kuma ta cushe da masu shiga gari aiki. Allah ya jiƙansu. A irin wannan sa'a kira ke zubowa kamar ruwan sama. Dole wani ya yanke hukunci nan take: wace motar asibiti za ta Asokoro, wacce za ta Asibitin Ƙasa, wa zai buɗe hanya a AYA. Wannan ya fi ƙarfin yaron da ke riƙe da waya, kuma zalunci ne a ɗora masa laifi. Ko tafiya mutum uku za su yi, addini ya ce a naɗa amiri, balle ɗakin da rayuka ke rataye a kansa.

Don haka muna so Ministan Abuja ya ajiye shugaba guda a ɗakin nan, dare da rana, da iko a rubuce kan duk hukumomin lokacin bala'i, a kuma faɗi sunansa don mu san wanda za mu tuhuma. Ba mai kashe waya da ƙarfe huɗu ba.

Ya kuma san Mpape da Karmo da Dei-Dei, inda lungu ba shi da suna, adireshinmu shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi". Ya zo ya zauna da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, mu nuna masa lungunan da motar kwana-kwana za ta iya shiga.