Wa ke tsaya wa magajin gari?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen sa a kasuwar Dakwaro ya san amfanin dillali. Idan daga baya dabbar ta zamo ta sata, dillalin ake kamawa, domin shi ya tsaya wa mai ita. To, kuɗin jama'a fa, wa ke tsaya wa mai riƙonsu?

A Amurka an daɗe da amsa wannan tambaya. A jihohi da yawa, ma'ajin gunduma da shugaban ƴan sandanta zaɓensu ake yi, kuma doka ba ta yarda su kama aiki ba sai sun kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora. Galibi gundumar ce ke biyan ladan kamfanin daga kasafin kuɗinta, tun da dukiyarta ake karewa. In kuɗi suka salwanta a hannun jami'in, kamfanin zai biya gundumar har iyakar adadin da ke rubuce, sa'an nan ya bi jami'in bashi. Lamunin ba ya wanke mai laifi. Asusun talakawa kawai yake cikewa.

Nijar ta gaji wata hanya daban daga Faransa. A kwamin irin ta Korahan, cikin gundumar Dakwaro, an raba aikin gida biyu. Kafin watan Afirilu 2024, magajin gari ne ke ba da umurnin kashe kuɗi, amma bai da ikon taɓa su. Ma'aji ne ke karɓa, shi ke biya. Bisa ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka ɗauka a 2009, ma'ajin gwamnati sai ya yi rantsuwa ya kuma ajiye jingina kafin a damƙa masa mabuɗi, in kuwa aka sami giɓi, daga aljihunsa zai cike. Wanda ya sa hannu aka fitar da kuɗin ba a neman jinginarsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Tun zaɓen kwaminoni na 24 ga Yuli 2004, lanhon da masu gari ke tattarawa da tikitin da ƴan kasuwa ke yanka ranar cin kasuwa su ne jarin ƙaramar kwamin ta karkara. Rijiyar da aka biya ba a gina ba, ko ajin makaranta da aka ninka kuɗinsa, takardunsu na iya zama cif-cif a teburin ma'aji. Shi ba ya da laifi, jinginarsa ba ta motsi, asara kuwa ta hau kan makiyayi da manomi. Ana iya tuɓe magajin gari, ana iya kai shi gaban alƙali, amma tuɓewa ba ta mayar da ko dala cikin akwati, shari'a kuma tafiyar hawainiya gare ta.

Ita kanta Faransa ta soke jinginar ma'aji tun 1 ga Janairu 2023, ta koma ga cin tarar duk wanda ya yi babban kuskure, mai umurni ko mai biya, ko da yake zaɓaɓɓu sun kusan kuɓuta daga wannan doka. A Nijar, an rusa majalisun kwaminoni a watan Afirilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari, ikon sa hannun ya koma wurinsu. Ranar da za a sake duba dokar kwaminoni ta 2010, ya kamata a lissafa abin da lamunin mai sa hannu zai ci wa Korahan a shekara, a gwada shi da kuɗin rijiya guda.