A bar Hoshoryu ya sha iska

Tun da aka naɗa Hoshoryu yokozuna a Janairun 2025, wato matsayi mafi girma a kokawar sumo ta Japan, wasu masoya wasan suke ta gunaguni cewa an yi gaggawa, wai don yokozuna Terunofuji ya yi ritaya ne aka cike gurbi da shi. Da ya janye daga gasar Osaka a watan Maris saboda rauni, sai maganar ta ƙara ƙarfi. Ni dai ban yarda da su ba. Gaskiya ne abokin karawarsa Onosato ya kai wannan matsayi cikin gasa 13 kacal, ga girman jiki kusan kilo 190, ga ƙarfin tunkuɗa. To amma a ranar ƙarshe ta gasar Mayu a Tokyo, bayan Onosato ya kayar da mutum 14 a jere, wa ya tare shi? Hoshoryu ne, mai kilo kimanin 150, ya damƙe ɗamararsa ya murɗa shi ƙasa. Yokozuna ba a sauke shi daga muƙami, in ya gaza sai dai ya ajiye, kuma wannan ɗan Mongoliya bai nuna alamar gazawa ba. Ya cancanci igiyar yokozuna da aka ɗaura masa.