Wutar Limawa: A Tambayi Masu Amfani Da Ita

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. A takarda lissafin ya fita.

Amma mai walda a unguwar Limawa da ke Jimeta, da matar da ke daskarar da zoɓo lokacin da zafin Jimeta ya haura digiri 40, damuwarsu lokacin zuwan wutar ne. Wutar tsakar dare ba ta haɗa ƙofar ƙarfe.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Don haka kafin a raba layukan wuta zuwa rukuni-rukuni, ya kamata gwamnatin Adamawa da kamfanin rarraba wuta na YEDC su zauna da masu unguwanni, masu sana'a da asibitoci.