Na'urar Awon da Ke Jiran Batir Daga Lome

Ina da ƙorafi kan masu kawo mana ayyukan raya karkara a arewacin Togo. Sai a zo da na'urorin awon ruwan sama da danshin ƙasa, a kakkafa su a gonaki, a ce za su riƙa aika rahoto ta iska ba tare da waya ba. A yi biki, a ɗauki hoto, a watse. Ran da batir ya mutu, aiki ya mutu. Wa zai taso daga Lome, tafiyar sama da kilomita 600, don canza batir a Nano?

Abin haushin, wutar tana bisa kanmu. Tun 2021 tashar sola ta Blitta ta fara aiki da megawat 50, shirin CIZO kuma ya kai farantan sola gidajen ƙauye. Amma 'yar na'urar da ba ta kai tocila cin wuta ba, ita aka bari da batirin yarwa! Yawancin lokacinta barci take yi. Takan farka, ta yi awo, ta aika ta rediyo irin LoRa, ta koma barci. Faranti kamar tafin hannu ya ishe ta, in an haɗa shi da ma'ajin caji mai jure zafin Maris da Afrilu, zafin da ke gajarta ran batir. Mutanen Moba da suka gina rumbuna cikin kogunan dutsen Nano sun san wannan dabara: a tara lokacin wadata, a ci lokacin rashi.

Na san abin da za a ce. Ƙurar hunturu tana rufe faranti. Gaskiya ne, amma tsumma ya fi batir araha, ɗan makaranta ma zai iya gogewa. Za a ce ya fi tsada ranar saye. To, a lissafa kuɗin man motar da za ta riƙa zirga-zirga daga Sokode ko Dapaong, mu gani.

Damina ɗaya gare mu a nan. Manomin da ya yi shuka kan ruwan yaudara ya yi asarar iri. Na bakin kogin Oti a Mango kuwa, abin da yake bukata shi ne labarin tashin ruwa tun kafin ya shigo masa ɗaki, ko da tsakar dare ne a watan Satumba.