Gyaran Ruwan Wuƙa: Wani Haƙƙi Da Ake Mantawa

Duk shekara idan Babbar Salla ta gabato, za ka ga magidanci ya nufi kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, ya zaɓi rago, ya duba haƙora, ya biya kuɗi masu nauyi, amma wuƙar da zai yi yankan da ita tana can cikin kube tun bara, tsatsa da karce sun cinye ta. Alhali kuwa Imamu Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa an umurce mu da kyautata yanka, da wasa wuƙa, da hutar da dabba. Shi ne hadisi na 17 cikin Arba'una ta Nawawi. Har ila yau a Risala an bayyana cewa wanda ya ɗage hannu kafin ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, sa'an nan ya koma, to, ba a cin wannan nama. Ashe ke nan dakusasshiyar wuƙa tana iya jawo hasarar rago sukutum.

Mu fara da sanin dalilin karce. Galibinmu da yashi muke cuɗa wuƙa, ko mu goga ta a dandamalin siminti. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen wuƙa tauri, saboda haka sai ta bar ramuka barkatai a jikin ruwan. Cikin waɗannan ramuka ne jini da laima ke maƙalewa, daga nan tsatsa ke kamawa. Wuƙar da maƙeranmu na Ƙanƙara da Sabuwa ke ƙerawa da sifirin mota tana da kaifi ƙwarai, amma baƙin ƙarfe ce, ba ta jimirin laima. Ta kanti kuwa, irin ƙarfen da Harry Brearley ya gano a Shafil ta Ingila a 1913, ba ta saurin tsatsa domin an gauraya ta da sinadarin kuromiyam, amma ita ma tana karcewa.

Wanda ya dubi sabuwar wuƙa da kyau zai ga ƙyallinta ba irin na madubi ba ne, wasu 'yan siraran layuka ne jere, duk sun fuskanci wuri guda. Gyaran kuwa shi ne maido da waɗannan layuka. Ga yadda ake yi.

Da fari a wanke ruwan wuƙar da sabulu, a tsane shi, a naɗe ƙotar da tsumma. A kwantar da ita bisa katako, a danne ta yadda ba za ta motsa ba, kaifin yana kallon nesa da jiki. A sami samfefa irin ta masu fentin mota, mai lamba 320, a naɗa ta a ɗan guntun katako mai shafaffen ciki, domin yatsa kaɗai yakan bar kwari da tudu. A ɗiga ruwa ko ɗan mai, a riƙa jan ta daga gindi zuwa tsini, a ɗaga, a sake komowa gindi. Kada a yi kewaye, kada a yi gaba da baya. Idan tsohon karcen ya ɓace sarai, a share, a koma lamba 400, a ƙarasa da 600. Wanda ya tsallake mataki don gaggawa, zai ga tsohon karce ya leƙo bayan ya gama.

Farar ƙasar nan da Allah ya albarkaci Ƙanƙara da ita, haka kuma tacacciyar toka, suna fid da dauɗa su ƙara haske, amma sun yi laushi da cire karce mai zurfi. A yi hattara kuma da injin wasa wuƙa na kasuwa: idan bakin ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba.

Bayan goge jiki ne ake komawa kan kaifi, domin gugar takan ɗan dakusar da shi. A wasa a dutse, ɓangare biyu daidai, har giɓi ya fita, kuma nesa da idon dabba. A ƙarshe a shafa ɗan man gyaɗa, kada baƙin mai, tun da nama za ta taɓa. Kada a adana ta wata da watanni cikin kuben fata, fata tana riƙe laima.

Ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, aikin nan bai wuce na sa'a guda ba. Ka yi shi tun ana saura mako, kada ka bari sai an sauko daga Idi. Allah ya karɓi ibadunmu, amin. Sai mako mai zuwa.