RIGA MALAM MASALLACI: BUGA SUNAN JARIRI A RIGA TUN YANA CIKI

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Shagamu da Agege da Idi-Araba, har zuwa na Ama Hausa a Owerri. Yau ina son mu tattauna wani sabon yayi da ya shigo mana, wanda na san wasu ba za su ji daɗin maganata a kansa ba, musamman amare da angwayensu. To sai dai a yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Yayin kuwa shi ne, da zarar mace ta je asibiti an yi mata hoton ciki an ce namiji ne ko mace, sai a ɗauki waya a ba da odar kayan jariri, riga da hula da safa da tawul da shawul, kowanne an buga masa sunan yaron da ko numfashin duniya bai shaƙa ba. Wai shi ne kaya na musamman, wai ɗinkin hannu. Alhali mafi yawansu rigunan kanti ne da aka saro a Balogun ko Gbagi, aka manna musu rubutun roba da ƙarfe mai zafi, aka ninka kuɗinsu.

Ni ba malami ba ne, kuma ban ce haramun ne ba. Abin da nake cewa shi ne wauta ce, asara ce, kuma tana kashe mana wani abu mai amfani.

Da farko dai, a wurin Bahaushe suna yana jiran haihuwa ne. Ana yi wa jariri huɗuba bayan ya faɗo, a raɗa suna rana ta bakwai, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Maƙwabtanmu Yarabawa ma da muke kwaikwayo sai bayan mako guda suke taron sa suna. Ku dubi sunayenmu na gargajiya: Jummai da Ɗanladi da Talatu ranar haihuwa ce ta ba su, Gambo sai ya biyo tagwaye, Tanko sai ya biyo mata, Azumi sai an haife ta cikin watan azumi. Akwai ma Mairiga, wanda ya zo duniya lulluɓe da tasa rigar. Sau nawa kakan yaro ya rasu ana saura kwanaki a haihu, aka mayar da sunansa, aka koma kiran yaron Abba ko Baffa? To ya za a yi da akwatin da aka cika da wani sunan daban? Shi kansa hoton cikin yana kuskure, kowa ya san gidan da aka shirya wa mace sai ga namiji.

Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda. Ba fata nake yi wa kowa ba, Allah ya raya mana abin da muka haifa. Amma iyayenmu da ba sa yayata ciki, suke harhaɗa kayan haihuwa a ɓoye a ƙasan akwati, ba duhun kai ne ya sa su ba. Sun san ciki ba ɗa ba ne sai an sauka lafiya. Farar riga marar rubutu ana iya ninke ta a ajiye wa na gaba. Rigar da ke ɗauke da suna kuwa, kullum uwar ta buɗe akwati sai ta fama mata ciwo, ba ta iya sa wa wani, ba ta iya bayarwa, ba ta iya yarwa.

Na uku, lissafi. A gidan kasuwa na tashi, kuma abu na farko da mahaifina ya koya mini shi ne kafin ka sayi kaya ka tambayi kanka kwana nawa zai yi maka aiki. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata biyar, ya ninka shi uku kafin shekara. Ke nan rigar farko 'yan makonni ce ta matse shi. Abin da ya sa iyayenmu ba su yi asara ba shi ne riga ɗaya takan raini yara biyar ko shida: daga wa zuwa ƙane, daga ɗakin uwargida zuwa na amarya, daga nan a ba matar almajiri ko ta mai gadi da ta haihu ba ta da ko ƙyalle. Kai da ka buga "Amira" a ƙirjin riga, ka yanke wannan igiyar. Ka sayi rigar mutum ɗaya ta wata ɗaya. Kuma a wane lokaci? Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, bayan dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ga ragon suna, ga itacen wankan jego, ga kunun kanwa, ga kuɗin asibiti, ga hayar ɗaki, a ƙasar da ba gonar ubanka a bayan gari. Na ga magidancin da ya ci bashi saboda kar matarsa ta ji kunya a hoton suna. Anko muka ara daga Yarabawa har da sunansa, ya isa haka nan.

To ina ɗinkin hannu na gaskiya? Yana nan cikin lungunanmu, mu ne muka raina shi. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, matan unguwar daga cikin gida suke neman na kansu, da tuwon sayarwa da ƙosai da fura, daga baya ga keken ɗinki da kwarashi. Har gobe akwai zawarawa da tsofaffi da ke saƙa hula da safa da rigar sanyi, akwai masu keke da za su fitar maka da 'yan riguna goma daga ragowar yadi, su yi maka zanen goyo da majanyi. Masaƙun Kaduna sun durƙushe, KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, kayan Sin da gwanjo sun cika kasuwa, amma hannun matan nan bai mutu ba. Kuɗin da ka ba su a unguwa yake kwana: ya shiga adashi, ya biya kuɗin Islamiyya, ya sayi maganin zazzaɓi. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san cewa ranar da shago ya ƙone, 'yar sana'ar cikin ɗaki ce ke riƙe gida.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ne, a yi shiri tun ciki na wata shida, amma shirin bai buƙatar suna. Za a ce ai 'yan matanmu ma suna cin abinci da wannan sana'a a Instagram da WhatsApp. Madalla, Allah ya ƙara kasuwa, amma su ɗinka da hannunsu, su yi surfanin fure ko dagi maimakon harafi, su haɗa kai da iyayenmu masu saƙa da ba su iya talla a waya ba. Za a ce kuɗina ne. Gaskiya ne Alhaji, amma abin da ka yi wa matarka yau shi matar yaron shagonka za ta tsare shi a kansa gobe. In kuma abin tunawa ake so, a bari sai an raɗa suna, a yi surfaninsa a hula ɗaya tak a ajiye.

Su ma masu ɗinkin namu ina da kira gare su. Ku dubi zafi da gumin ƙasar nan, ku rage zaren roba, ku riƙe auduga mai laushi, domin leda da rubutun roba ba sa shan iska, sai ƙurajen zafi. Ku bar liƙa duwatsu da ƙananan maɓallai, yaro na iya cirewa ya haɗiye. Ku kuma cika alkawari, domin haihuwa ba ta jiran tela.

Iyayenmu mata, Hajiya Babba da gwaggo da inna, ku ne ke haɗa kayan barka, maganar nan a hannunku take. Wannan karon kafin ku aika kasuwa, ku fara leƙa gidan maƙwabciya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, amin. Wassalam.