Puebla, 5 ga Mayu 1862: an ci Faransa, sai me ya biyo baya?

Rannan a fada wani ƙanena ya miƙo mini waya yana murna, ya ce: "Yaya, dubi, ashe Meksiko ma ta taɓa kora Faransa!" Bidiyon bikin Cinco de Mayo ne, wato 5 ga Mayu. Na ce mishi zauna, labarin ya fi bidiyon tsawo. Shi nake so in ba ku yau, don na lura mun fara cin tarihi kamar tsire, mu zaɓi tsoka mu tura sauran gefe.

Bashi ne mafari. A 1861 Meksiko ta fito daga yaƙin basasa na shekara uku, baitulmali wayam. Shugaba Benito Juárez, ɗan ƙabilar Zapotek da ya tashi maraya yana kiwon tumaki, ya ce an dakatar da biyan bashin waje na shekara biyu. Bai ce ba zai biya ba fa, numfashi ya nema. Ingila da Sifaniya da Faransa suka turo jiragen yaƙi tashar Veracruz. Cikin abin da Faransa ke bi har da takardun wani mai banki ɗan Suwis, Jecker: peso miliyan 15 a rubuce, alhali abin da ya shiga hannun gwamnatin ƴan mazan jiya da ta ci bashin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma ɗan'uwan sarki Napoleon na Uku, Duc de Morny, yana da kaso a ciki. Da Ingila da Sifaniya suka gane Napoleon ƙasar yake so gaba ɗaya, sai suka tattara nasu a Afrilun 1862 suka tafi.

Janar Lorencez ya nufi babban birni da soji kimanin 6,000. Tun kafin ya harba harsashi ya rubuta wa Paris cewa Meksiko tana hannunsa, wai don jinsinsu ya fi. Ƴan ƙasa masu goyon bayansa sun gaya mishi da furanni za a tarbe shi a Puebla. Ku riƙe wannan: baƙo bai shigo shi kaɗai ba, ƴan gida ne suka nuna mishi ƙofa.

A Puebla Janar Ignacio Zaragoza, ɗan shekara 33, yana jiransa da mutum wajen 4,000, bindigoginsu tsofaffi, wasunsu manoma ne daga duwatsun arewacin jihar. Ya kafa su a kan tudu, a ganuwa biyu, Loreto da Guadalupe. Girman kai ya sa Lorencez ya hau tudun kai tsaye. Sau uku suna hawa, sau uku ana maido su. Da la'asar ruwa ya sauko, gangaren ya zama taɓo, harsasan igwa sun ƙare. Faransa ta yi asarar mutum sama da 400 tsakanin matattu da masu rauni, Meksiko ba ta rasa rai 100 ba. Rundunar da ake ganin babu kamarta a duniya ta ja baya zuwa Orizaba.

Wallahi abin alfahari ne, ban rage mishi komai ba. Amma nan bidiyon ƙanena ya tsaya.

Wata huɗu bayan haka zazzaɓi ya kashe Zaragoza. Napoleon ya turo soji kusan 30,000. Suka yi wa Puebla ƙawanya wata biyu, ta faɗi a Mayun 1863, a Yuni suka shiga birnin Meksiko. A 1864 aka kawo Maximilian, ɗan gidan sarautar Ostiriya, aka ɗora shi sarki. Wani abu da ya tsaya mini a rai: a 1863 mai mulkin Masar ya ba Faransa aron bataliya ta baƙaƙen soji fiye da 400, akasarinsu daga Sudan, aka jibge su a Veracruz don ana ganin sun fi Turawa jure cutar shawara. Ƴan Afirka suna mutuwa a yaƙin da ba nasu ba, a kan mutanen da ba su yi musu komai ba. Mu jikokin ƴan tirayar, wannan ba baƙon labari ba ne a gare mu.

To me ya fid da Faransa? Abin da ba ya shiga bidiyo. Juárez ya ɗauki gwamnati a keken doki, gari bayan gari, har Paso del Norte a bakin iyakar Amurka, bai taɓa sa hannu ya sallama ba. Ƴan sari-ka-noƙe suka hana baƙi barci, kuɗin yaƙi ya yi ta cin Paris. Amurka ta gama nata yaƙin basasa a 1865 ta matsa lamba, Prusiya kuma ta fara tsorata Napoleon a gida. Farkon 1867 sojin Faransa na ƙarshe suka fita, ranar 19 ga Yuni aka harbe Maximilian a Querétaro. Shekara biyar ke nan bayan ranar da ake wa biki.

Na san abin da ke ranku, don ni ma shi ne a raina. A Disamban 2023 sojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar, da yawanmu mun yi ta murna. Ban ce Meksiko ta 1862 ita ce Nijar ta yau ba. Amma tambayar da nake so mu riƙa yi a fada ita ce: wanda ya tsaya gaban baƙo, wa zai tsaya gabansa shi in ya kauce? Duk lokacin da muka ce kada a tambayi shugaba lissafi saboda jarumi ne, sai in tuna wani hafsa.

Sunansa Porfirio Díaz. Yana filin Puebla ranar 5 ga Mayu, ya yi jarumta ta gaske, kuma a 1867 shi ya ƙwato garin. A 1876 ya karɓi mulki da bindiga, yana cewa bai kamata shugaba ya zarce ba. Sai shi ya zauna fiye da shekara 30. A zamaninsa aka ƙwace gonakin gandu na ƙauyukan ƴan asalin ƙasa, irin mutanen da suka tsaya a kan tudun nan, aka miƙa wa manyan masu gona da kamfanonin waje. Ƴan jarida suka sha kurkuku. Sai da juyin juya hali ya tashi a 1910 kafin ya sauka a 1911.

Ƙanena ya ce: "Yaya, ina ya gudu?" Na ce Faransa. A Paris ya mutu a 1915, kabarinsa yana can maƙabartar Montparnasse har yau.